Fuska Babu Baki

A Kumo, aji biyar, wata Litinin,
na raba musu gawayi daga murhun mai ƙosai
da takardar buhun siminti da muka yanka da reza.
Na ce, yau ba mangwaro, ba tulu, ba kaza.
Ku zano min wanda ya miƙe tsaye
ranar da kowa ya sunkuyar da kai.
Labarin zuciya a tambayi fuska,
ku fara da ido.

Gidado ya zana Adda Yelwa mai awo,
wadda ta kife mudun dillali a tsakar kasuwa
ta nuna wa jama'a gindin da aka dake ya shige ciki.
Ya yi mata goshi kamar faifai,
ya manta kunne ɗaya.

Rifkatu ta zana tela Babayo, allura a leɓe,
shi da ya taka har kotu
ya yi shaida kan gonar maƙwabcinsa Batangale,
dangi suka yi wata uku ba sa amsa sallamarsa.

Hansatu kuwa, mai zama can baya jikin taga,
Baba Kwairanga ta zana, na ɗakin shan magani,
da tabarau ɗaure da zare.
Shi aka miƙa wa biro ya sa hannu
cewa magani ya iso, kwali ashirin,
ya ce shi dai biyu ya gani.
Yanzu rake yake sayarwa a bakin tasha.

Muka manna su da koko.
Bango ya cika da idanu.

Ran Laraba hedimasta ya leƙo,
ya tsaya gaban mai tabarau, ya yi gyaran murya.
Gobe manya za su zo duba makaranta,
har da wanda ya miƙa biron nan.
Ya sa farce ya ɓamɓaro Baba Kwairanga,
ya ninke shi huɗu, ya cusa aljihu.
Yara arba'in da uku suka juyo suna dubana.
Ni kuwa na duƙufa neman alli
a akwatin da na san babu alli.

Albashi ne, na ce wa raina a hanyar gida,
ga haya, ga mai ɗakina da cikin wata takwas.
Tuwon dare ya tsaya min a wuya.

Da safe na tarar da takarda kan kujerata.
Hulata ce, a karkace yadda nake kafa ta,
kunnuwana ne, har tabon da ke haɓata,
idanu biyu suna kallon ƙasa.
Ƙarƙashin hanci kuwa, fili fetal.
Hansatu, ina bakin?
Ta ce, Malam, kai ka ce mu zana abin da muka gani.

Da hantsi motoci suka tsaya gindin dalbejiya,
aka yi tafi, aka yi lale.
Babban baƙo ya nuna gurbin da ke bango
inda koko ya bushe ba kowa a kai,
ya ce, nan fa, wa ya faɗo?
Jikina na rawa kamar mazari
na ji wata murya, ashe tawa ce:
Ranka ya daɗe, Kwairanga ne,
wanda ya ƙirga kwali biyu ya ce biyu.

Ajin ya yi tsit, har ƙuda ana ji.

Takardar canji ta zo bayan mako uku,
wani ƙauye gaba da Pindiga
inda mota ba ta shiga sai ran kasuwa.
Ina ɗaure littattafai a bayan babur
ta zo da gudu, yatsunta baƙi ƙirin,
ta karɓi zanen, ta shimfiɗa kan sirdi,
ta ja layi biyu, a karkace, a ɗan buɗe.
Bai yi kyau ba, ta ce, gawayin ya ƙare.

Yana nan rataye a sabon ajina.
Yaran nan sun ce bai yi kama da ni ba.
Nakan ce musu, ku yi haƙuri,
ina nan ina ƙoƙari.